Soket ɗin ƙofar Wrangler da na Bronco: wanne ya fi jure cirewa da mayarwa?

Wani ɗan'uwa ya tambaya: idan mutum yana yawan cire ƙofofin motarsa, shin soket ɗin wayar ƙofa ba zai mutu ba, kuma tsakanin Jeep Wrangler da Ford Bronco, motocin da aka ƙera yadda za a iya cire ƙofofinsu a mayar, wanne ya fi ƙarko? Malam, ba yawan cirewar ba ne ya fi kashe shi. Jan waya, lanƙwasa haƙori (siririn ƙarfen cikin soket) da shigar ruwa ko ƙura su ne ke cin sa, kuma a nan motocin suka bambanta.

Wrangler JK, wadda aka ƙera daga 2007 zuwa 2018, soket ɗin ƙofar gabanta yana ƙarƙashin dashbod, wajen ƙafa. Wayar tana tafiya ne tare da igiyar yadi da ke hana ƙofa wangalewa, don haka duk buɗewa da rufewa tana lanƙwasuwa a wuri ɗaya. Can tagullar ke tsinkewa a ciki alhali robar waje lafiya lau. Alamarta, makulli ko gilas ya yi aiki idan ƙofa tana buɗe, a rufe ta ya ɗauke. Ga shi wurin da duhu da matsi, mutum yana lalube da hannu ɗaya. Ya tura soket a karkace, haƙori ɗaya ya kwanta, shi kenan.

Wrangler JL, wadda ta fito a 2018, da ƙanwarta Gladiator mai buɗaɗɗen baya, sun gyara wani abu. An sa ƙarfe mai riƙe ƙofa da ake kwancewa da sukudireba mai bakin tauraro lamba T40, notin hinji kuma T50 ne kamar na JK. Soket ɗin yana da ɗan hannu da ke jawo ɓangarorin biyu su haɗe daidai. Amma hannun roba ne. Wanda bai fara zare ɗan makulli ja da ke riƙe hannun ba ya ɗaga shi da ƙarfi, zai ji "ƙas", daga nan sai ɗauri.

Bronco ta 2021 zuwa yau ta bi wata hanya. Soket ɗin yana jikin ginshiƙin ƙofa inda ido ke gani, da murfin da ke rufe shi idan an zare waya. Madubanta kuma a jikin mota suke, ba a ƙofa ba, saboda haka wayoyin madubi ba sa bi ta nan. A ganina ita ce ta fi sauƙi ga mai cirewa kowane mako, sai dai wurin ya fi kusa da ruwa da laka. Murfin ya karye, ƙurar hunturu ta samu gida.

Ko wacce kake da ita, tsarin ɗaya ne. Sauke gilas tukuna, domin da zarar ka zare waya babu wuta. Kashe mota. Zare soket kafin ka taɓa notin hinji, ka kama jikinsa, ba waya ba. Yawancin ɓarnar tana zuwa ne lokacin da aka ɗaga ƙofa waya na haɗe, nauyin ƙofar duka ya rataya a kan haƙora. Rufe bakin da ya rage a mota, ko da leda da roba ne. Wajen mayarwa haska da tocila, in ya ƙi shiga kada ka danna, fito da shi ka duba.

In ka ga kore-kore a haƙora, ruwa ya shiga. Fesa maganin wanke soket, ka bari ya bushe, ka shafa giris ɗin lantarki kaɗan a robar bakin. Ban da sanfefa, tana kankare kuzar da aka lulluɓe haƙoran da ita, tsatsa ta dawo da sauri.

Idan waya ce ta tsinke, a sa mitar gwada wuta a kai ana motsa ta har a gano wurin. Kada mai wayarin ya yi dalma daidai inda take lanƙwasuwa, dalma tana sandarar da waya ta sake karyewa a gefen gyaran. A yanke guntun gaba ɗaya, a sa sabuwa mai kauri ɗaya, a matse mahaɗan nesa da hinji, a rufe da robar da ke tsukewa da zafi maimakon salatif.