Jirgin ruwan Papeete zuwa Moorea ya ci kuɗinsa

Ɗan Maraɗin da Allah ya kai tsibirin Tahiti, can tekun Pasifik, kada ya ɓata kuɗi a jirgin sama don zuwa Moorea, tsibirin da ke kusa da shi. Daga Papeete, babban birnin Tahiti, jiragen ruwan kamfanonin Aremiti da Terevau kan tsallaka kilomita 17 da ke tsakani cikin minti 30 zuwa 45, su sauke ka a tashar Vaiare ta Moorea.

Matsalar igiyar ruwa ce. In iska ta taso, mai saurin jiri ya zauna bene na ƙasa, can tsakiya, ya sha magani tun kafin tashi. Motar haya ba ta da yawa a Vaiare, gara ka tanadi babur tun da wuri, musamman a Yuli, lokacin raye-rayen bikin Heiva.

A kula, kuɗinsu ba sefa ba ne: 1000 nasu kusan jaka biyar da rabi ne namu.