Wane Littafi Malamin Tarihi Zai Fara Saye a Sakkwato?

In kuɗinka bai wuce na littafi biyu ba, Malam, fara da Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kammala a 1812. Abin da ya sa na fifita shi, Bello ya sanya wasiƙun da suka yi ta musaya da Shehu al-Kanemi na Borno a ciki. Al-Kanemi na tambayar hujjar masu jihadin Shehu Usmanu ta yaƙar mutanen da ke salla da azumi, Bello na mayar da amsa. Ranar da na karanta wa ɗalibaina wannan wuri, wata yarinya daga bencin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to wa ya zaɓi wasiƙun da aka saka?" Wallahi daɗi ya kama ni, don tambayar da nake son su koya ke nan: wa ya rubuta, yaushe, kuma don wa.

Amma a kula da bugun Infaƙul Maisurin da za a saya. Na Arnett, Baturen mulki, da ya fito a 1922, wani wuri fassara ne, wani wuri taƙaitawa. Kada ya maye gurbin Larabcin. Amfaninsa shi ne a ajiye su gefe da gefe, yara su ga abin da ya tsallake.

Tazyinul Waraƙat na Abdullahin Gwandu waƙoƙi ne da sharhi, inda yake kokawa da 'yan'uwansa da son duniya ya ja. Bugun Hiskett na 1963 na da Larabci da Turanci. Ya yi wa 'yan sakandare nauyi, ya fi dacewa da jami'a.

Na biyun da za ka saya, tsakanin littafin Murray Last da na Johnston ne, dukansu kan Daular Usmaniyya, dukansu na 1967. Johnston ya fi daɗin karatu, labari yake bayarwa tiryan-tiryan. Ni dai Last zan ɗauka. Ya zauna da Waziri Junaidu, ya yi aiki da takardun gidan Waziri, kuma a ƙasan shafi yana nuna inda ya samo magana. Yaro na iya bin sawunsa.

Shi ya sa in kwafin hoto aka miƙo maka a shago, buɗe shi kafin ka biya. Sau da yawa injin ya yanke bayanan ƙasan shafi, ko shafin farko mai shekarar bugu ya ɓace. Irin wannan, ko kyauta ne, ba zai koyar da bincike ba.

Duk waɗannan littattafai, muryar Gobirawa ba ta da ƙarfi a cikinsu. Don haka rage ɗan kuɗin mota. Kai ɗalibai Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu su ga rubutun hannu da idonsu, sannan in da hali ku je Sabon Birni, su ji yadda dattawan can ke ba da labarin faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808.