Ina za a kai yara su ga giwa? Lissafin zuwa gandun daji daga Birnin Kebbi

Autata ce ta ɗora mini wannan aiki. Ta dawo daga makaranta da littafi a hannu, ta buɗe shafin da aka zana giwa, ta ce, "Baba, da gaske akwai ta a ƙasarmu, ko sai a talabijin?" Na ce akwai. Ta ce to yaushe za mu je. Tun daga ranar na zauna da biro da takarda ina auna wuraren da mutumin Kabi ko Zamfara zai iya kai iyalinsa, da abin da kowane zai ci masa. Abu na farko da lissafin ya nuna mini shi ne kuɗin tikitin shiga, wanda ake ta ƙorafin yana tashi, shi ne ƙarami a cikin kuɗin tafiyar. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, hanya ce ke cinye aljihu, sai masauki, sai abinci. Duk da haka ina da magana a kan tikitin, zan zo gare ta.

Mafi kusa da mu a cikin Najeriya shi ne gandun dajin Tafkin Kainji. Shi ne gandun ƙasa na farko a Najeriya, an kafa shi a 1979 da aka haɗe dajin Borgu da na Zugurma, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 5,300 a jihohin Neja da Kwara. Wanda ya bi ta Jega da Koko ya isa Yawuri ya riga ya tsaya a bakin tafkin da gandun ya ci sunansa, tafkin da ya samu bayan an gama madatsar Kainji a 1968, har aka tashi garuruwa aka sake musu mazauni. A dajin Borgu akwai ɓauna da gwanki da kanki da mariya, kogin Oli kuma yana da dorina da kada. In a kan kusanci da araha ne, babu wanda ya kama ƙafarsa. Amma a shekarun nan 'yan bindiga sun samu mafaka a cikinsa, ƙauyukan da ke kewaye sun sha hare-hare. Ba zan kai 'ya'yana can yanzu ba, ba kuma zan ba wani shawarar ya kai nasa ba. Yana yi mini ciwo in rubuta haka, domin wannan shi ne dajin da ya kamata a ce kowace makarantar Kabi tana kai ɗalibanta duk shekara.

Mutanen Zamfara kuwa nasu ya fi zafi. Gandun Kamuku da ke Birnin Gwari, wanda ya zama na ƙasa a 1999, yana jingine da dajin Kuyambana na ƙasar Ɗansadau. A da giwaye na ratsa waɗannan dazuzzuka. Yau duk wanda ya ji an ce Kuyambana, ba namun daji ke faɗo masa a rai ba. A cire shi daga lissafi sai Allah Ya kawo sauƙi. Haka ma gandun da ake kira W, wanda Nijar da Benin da Burkina Faso suka haɗa, ga shi nan ba nisa da Kamba, amma matsalar tsaro ta rufe hanyarsa.

Saura Yankari, kuma a nan zan daɗe, domin shi ne amsar tambayar auta. Yana jihar Bauci, a ƙasar Alkaleri. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya zama gandun ƙasa a 1991, sannan a 2006 ya koma hannun gwamnatin jihar. Wannan na nufin farashinsa jiha ce ke yanka shi, ba hukumar gandun daji ta tarayya ba. Yana cikin 'yan wuraren da suka rage a Najeriya da garken giwa ke rayuwa a daji. Sai dai kada kowa ya yi wa yaro alkawarin ganinta. Daji ba gidan zu ba ne. Wani ya fita zagaye sau ɗaya ya ci karo da garke, wani ya yi kwana uku bai ga komai ba sai sawu da kashi da rassan da aka karya. Lokacin da ya fi dacewa shi ne rani, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta kwanta, ƙishirwa ta tara dabbobi a bakin kogin Gaji. A fita da asuba ko da la'asar sakaliya. Tsakar rana ɓarnar kuɗi ce, kowace dabba tana inuwa.

Ko ba a ga giwa ba, ruwan Wikki kaɗai ya biya wahala. Daga ƙarƙashin wani dutse yake ɓuɓɓugowa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina, garau har mutum na ƙirga yatsun ƙafarsa a kan farin yashin ƙasa. A harabar masauki gadu na yawo kamar awakin unguwa, gwaggon biri kuma ya ƙware a sata: a bar ƙofar ɗaki a buɗe, ko a riƙe ledar burodi sakaka, sai dai a ga ƙeyarsa. A gargaɗi yara kada su miƙa masa abinci.

Matsalar Yankari gare mu ita ce nisa. Daga Birnin Kebbi sai an ratsa Sakkwato da Talata Mafara da Gusau da Tsafe da Funtuwa da Zariya, daga nan a zaɓi hanyar Jos ko ta Kano da Ningi. Daga Bauci kuma akwai fiye da kilomita 100 kafin a isa Wikki, ta Dindima da ƙofar Mainamaji. Tafiyar kwana biyu ce ga mai iyali, domin tsakanin Gusau da Funtuwa ba hanyar dare ba ce. Wato kwana huɗu a hanya zuwa da dawowa, kwana biyu a can. Mutumin Gusau ya fi mu sauƙi da kusan yini guda. Kafin a tashi a buga waya a tambayi komai dalla-dalla: nawa ne kan babba, nawa ne kan yaro, ana biyan na mota daban, ana biyan na kyamara, motar zagaye ta haya ce gaba ɗaya ko kowa da kujerarsa, ɗan rakiya fa? Irin waɗannan ƙananan kuɗaɗe su ke haɗuwa su ninka abin da aka yi tsammani. A tambayi halin tsaron yankin a makon da za a tafi, kada a dogara da labarin bara. In iyali biyu ko uku suka haɗa kuɗin bas ɗaya, nauyin ya ragu ƙwarai.

Gashaka-Gumti a Taraba da Adamawa shi ya fi kowane girma, a can tsaunin Chappal Waddi yake, mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419. Wurin samari masu ƙarfin ƙafa ne. Da ƙananan yara daga Kabi, sai dai a bar shi a buri.

Yanzu maganar tikiti. Yayana da na nuna wa lissafin ya ce, "Kai ma dai, tunda tikitin bai kai kuɗin man Jega ba, mene ne na damuwa in an ƙara?" Na ce, "Yaya, mu da muka taso daga nesa ba za mu ji ba. Amma ɗan Alkaleri fa, ko malamin firamaren da ya tattaro yara arba'in da kuɗin karo-karo?" A wurinsu tikitin shi ne tafiyar gaba ɗaya. Ban ce a bar daji kyauta ba. Masu gadinsa suna kwana cikin ƙaya, suna fuskantar mafarauta masu bindiga, suna buƙatar albashi da mota da mai, kuma dajin da babu mai gadi ya riga ya zama gawayi. Abin da nake so shi ne a bambanta farashi. Ruwanda ta ɗaga kuɗin ganin manyan biran tsaunukanta daga dala 750 zuwa 1,500 a 2017, tana kuma ware kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shigar gandayenta ga ƙauyukan da ke kewaye. Kenya ta daɗe tana karɓar kuɗi kaɗan daga ɗan ƙasa, mai yawa daga baƙo. A Amurka ma da aka kawo shawarar kai kuɗin shigar kowace mota dala 70 a manyan gandaye 17 a 2017, jama'a suka yi caa, sai aka janye, aka ƙara dala 5 kawai. Baƙo mai dala ya biya da tsada, ɗan ƙasa ya biya daidai ƙarfinsa, ɗalibi da maƙwabcin daji su shiga da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Manomin da giwa ta tattake masa gero, in kuma aka hana ɗansa shiga ya gan ta saboda kuɗi, da wane baki za a ce masa ya kai rahoton mafarauci? A 2020 gwamnatin tarayya ta amince da ƙarin gandayen ƙasa goma, ciki har da Falgore ta Kano da Kogo ta Katsina da Baturiya ta Jigawa. Tun kafin a kafa musu ƙofa ya kamata a daidaita wannan magana.

Wanda aljihunsa bai kai Bauci ba kada ya zauna. Argungu na nan kusa: gidan tarihin Kanta da bakin Matan Fada, tafiyar safe a dawo da yamma. A Yawuri ana hawa kwalekwale a ga tsuntsayen ruwa da masunta a bakin aiki, amma kada a saka yaro a jirgi sai da rigar kariya, kada kuma a shiga wanda aka yi wa lodi fiye da kima. Haɗarin jirgin ruwan Warra na 2021 bai bar zukatanmu ba. Ɗan Gusau yana da dutsen Kwatarkwashi a ƙofar gida, in gari ya yi lafiya.

Mu dai mun tsayar da Yankari. Ni da Yaya da wani maƙwabcina za mu haɗa bas ɗaya a hutun ƙarshen zango na biyu, in Allah Ya kai mu, mu kwana Zariya a zuwa, mu kwana Gusau a dawowa. Uwargida ta ce ita za ta yi dambun nama da ƙuli-ƙuli na hanya. Auta kuwa ta samo gwangwanin madara ta huda masa baki, duk canjin da ya shigo hannunta can yake faɗawa, ta ce kuɗin tikitinta ita za ta biya da kanta.