Hattara da mai sayar da kayan gyaran tsohuwar ogan a Garwa da kewaye

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan saboda kunya, amma shekaranjiya na ji labarin mutumin ya fara yi wa wasu mawaƙan coci a Marwa irin daɗin bakin da ya yi mini, sai na ga shiruna zai zama cuta ga wani.

Kawuna ya rasu ya bar mini ogan na lantarki, abin kiɗa mai kama da fiyano, Hammond M-3, irin wadda aka ƙera a Amurka tsakanin 1955 da 1964. Wajen wani Ba'amurke ɗan mishan ya same ta lokacin da zai koma gida. Ta shekara goma sha a ɗakin ajiya a unguwar Yelwa, ƙurar hunturu ta shige ta, ɓeraye sun ci auduga a bayanta. Da na buɗe ta bara, ƙamshin tsohon mai da katako ya bugi hancina, na tuna ina yaro ina zaune a ƙasa kusa da ƙafarsa yana taka fedal. A nan na ƙudura sai na tashe ta.

Wanda bai san cikinta ba zai ɗauka irin kibod ɗin yanzu ce. Ba haka ba ne. Laurens Hammond ya fito da ita a 1935, kuma sautinta daga ƙananan fayafayan ƙarfe masu haƙora yake fitowa, suna juyawa a gaban maganaɗisu, kowanne da muryarsa. Inji ɗaya ne ke juya su duka. Tamu ma sai ka danne makunnin farko na kamar daƙiƙa takwas, ka ji ta ɗauki gudu, sannan ka kunna na biyu. Na share ta, ta tashi, na yi murna har na kira matata ta zo ta ji. Amma da na gwada bin waƙa tare da yaron da ke kaɗa mana jita, sai muka ga ba mu haɗu ba ko kusa. Ina danna muryar da ake kira la, abin da ke fita ya sauka ƙasa har wajen wadda ake kira fa diyez.

Na sa hotonta a Facebook ina neman shawara. Kafin magariba mutumin ya kira ni. Hausarsa tas, yana haɗawa da Faransanci, yana ce mini "babban yaya". Ya ce yana Duwala, shi ne wakilin masu wannan ogan a Afirka ta Tsakiya, yana da sababbin kaya daga kamfani. Ya faɗi sunan bawul ɗin da ke ciki, wato 'yan kwalaben gilashi masu ƙara ƙarfin sauti, 6V6, tun kafin in faɗa masa, wannan ne ya kwantar mini da hankali. Ya ce matsalar ƙarama ce, taransfomar da kawu ke amfani da ita ce ta gaji, zai aiko mini da "ta musamman" mai daidaita murya, da kwalbar mai na asali, da bawul sababbi. Sefa dubu 85. Na tura ta waya.

Bayan kwana huɗu ya ce duwan, wato kwastan, sun riƙe kaya, sai an ba da dubu 30. Ban tsaya na tambayi kaina me ya haɗa duwan da kayan da ya ce suna shagonsa a Duwala ba. Na tura. Ya turo hoton rasit, ya ce kaya sun hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, daga can mota za ta ƙaraso da su. Kuma sun iso, wannan ne wayonsa. Da bai aiko da komai ba, da tun ranar na farka.

Kwalin na ɗauka na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a bayan babbar kasuwa, wanda ya koyi aiki tun zamanin rediyo mai bawul. Ya juya taransfomar, ya kankare sabon fentin da farce, tsatsa ta bayyana. Ya buɗe kwalbar ya shinshina, ya ɗiga a yatsa ya murza. Ya ce, "Ɗana, wannan man babur ne." Bawul huɗu, biyu sun yi fari a kai alamar iska ta shige su, ɗaya ma ba lambar da aka rubuta a kwalinsa ba ce.

Na ce, "Baba, to taransfomar fa, ko da tsohuwa ce ba za ta gyara muryar ba?" Ya ce in je in karanta ɗan farantin ƙarfen da ke bayan ogan. Na duba, an rubuta 60. A nan na fahimci abin da nake so kowa ya riƙe daga wannan rubutu. Wutar Amurka tana kai da komo sau 60 a daƙiƙa, tamu ta Kamaru da Chadi da Najeriya sau 50. Injin Hammond da wannan bugun yake auna gudunsa. An yi shi ya juya sau 1200 a minti, a wutarmu sai ya koma 1000. Kowane faifai ya rage gudu da kashi ɗaya cikin shida, la mai bugu 440 a daƙiƙa ta dawo wajen 367. Taransfoma ƙarfin wuta kawai take saukewa daga 220 zuwa abin da kayan Amurka ke ɗauka, ba ta taɓa bugun, komai tsadarta, komai sunan da aka laƙa mata. Abin da ke gyara wannan wata na'ura ce daban mai mayar da 50 zuwa 60. Kawu bai taɓa damuwa ba don shi kaɗai yake kaɗawa a gida, babu wanda zai bi. Duk wanda ya ce maka yana da taransfoma mai gyara murya, ko dai bai san aikin ba, ko ya san kai ne ba ka sani ba.

Man kuwa, Allah ne ya tsare ban zuba ba. Ogan ɗin tana shan mai ta ƙananan mazurarai a sama, ya bi zaren auduga siriri kamar lagwanin fitila ya kai ga kowane wurin juyawa. Mai marar kauri ake sa mata, kaɗan, sau ɗaya a shekara. Mai kauri yana toshe zaren, ga ƙurar Garwa ta haɗu da shi ya zama danƙo, fayafayan su fara kuka su tsaya. Wanke wannan aikin watanni ne.

Na kira shi, ban nuna masa na gane ba. Na ce murya ba ta gyaru ba. Bai ko yi jim ba ya ce to amfilifaya ce, wato sashen da ke ƙara ƙarfin sauti, in kwance ta in ba wani "ƙaninsa" da zai biyo ta Garwa ranar Asabar, a kai ta Duwala a duba kyauta, har da lasifikar. A nan na ga inda aka dosa tun farko. An daina ƙera irin wannan ogan mai fayafayai tun 1975, kamfanin na asali ya rufe a 1985, daga baya Suzuki na Japan suka ɗauki sunan. Tsofaffin kayan cikinta suna da masu nema a ƙasashen waje, amfilifayarta ma akwai masu mayar da ita ta jita. Kuɗin da ya ci somin taɓi ne, cikin ogan yake so, ya bar ni da akwatin katako. Da na ce sai dai ƙanin ya zo mu haɗu a shagon Baba da katin shaidarsa, layin ya mutu, har yau.

Ku lura da yadda yake tafiya. Shi ne ke fara kira, ba kai ba. Ba ya yarda da kiran bidiyo, kullum hanyar sadarwa ba kyau. Sunan da ke fita in za ka tura kuɗi daban yake da wanda ya gaya maka, sai ya ce na matarsa ne. Hotunan shagon da yake turawa, duba soket ɗin bango da kyau, ba irin namu ba ne mai rami biyu zagayayyu. Kuma yana yawan tambaya ko akwai wasu tsofaffin ogan a cocin mishan na Ngaundere, Kaele, Yagwa ko Injamena, wai yana son ya taimaka. Dattawan coci, kada ku bar kowa ya kwance komai ya fita da shi daga harabarku da sunan gyara.

Na kai ƙara wajen jandarma da rasit ɗin kuɗin da saƙonnin WhatsApp duka. Wanda ya taɓa faɗawa hannunsa ya ajiye nasa, ya kai, yawanmu ne zai sa a bi sawun lambobin.

Ogan tana nan a falo, an rufe ta da zane. Baba yana zuwa duk Lahadi da yamma muna canza tsofaffin kwandansa ɗaya bayan ɗaya, kuma ya hana ni sa hannu a ciki ko an cire wuta, domin suna riƙe caji mai iya kayar da mutum. Na'urar bugun wuta na fara tara kuɗinta daga farko, wani ɗan'uwa da zai dawo daga Faransa a watan Disamba ne zai riƙo mini ita a jakarsa.