Na je allurar ciwon hanta a asibitin unguwarmu, ga yadda muka kwashe

Jama'a tunda ana ta tambaya ina babba zai samu rigakafin ciwon hanta, bari in faɗi abin da na gani a asibitin sha-ka-tafi na unguwarmu. Ƙanina ne ya je gwajin kafin aure aka ce yana da ciwon hanta nau'in hepatitis B, likita ya ce duk 'yan gida mu je a duba mu. Ni kuma an haife ni tun kafin 2004, shekarar da aka saka allurar hanta cikin rigakafin jarirai a Najeriya, ka ga irinmu duk ta wuce mu.

Na isa wajen ƙarfe tara, ashe ranar rigakafin yara ce, benci cike da mata kowa da goyo da katinta a hannu, ni kaɗai namiji, har wata tsohuwa ta dube ni ta ce "ɗan nan ina jaririn naka?" Wallahi kamar in juya. Amma nas ɗin mutuniyar kirki ce, ta ce malam zauna, ba a yi sai an fara gwaji, don idan cutar na jikinka allurar ba ta warkar da ita. Ta tsaga min ɗan yatsa, ta ɗiga jini a ɗan abin gwajin, kamar minti goma sha biyar layi ɗaya ya fito, ta ce alhamdulillah ba ka da shi. Allura uku ce a dantse, yau, sai bayan wata ɗaya, ta ukun kuma wata shida daga ta farko.

To a nan matsalar ta fara. Firij ɗinsu na sola yana aiki lafiya lau, amma abin da ke ciki na yara ne, su kyauta, ni sai dai in je kemis in siyo da kuɗina in kawo ta yi min, kuma ta ja min kunne in zo da ita a cikin kula mai sanyi, amma kar in ɗora kwalbar kai tsaye kan ƙanƙara don idan ta daskare ta lalace, ni kuma ina tunanin kemis ɗin da wuta ba ta zama kullum waye ya san yadda suka ajiye ta. Sai da na zagaya shago uku kafin na samu wanda hankalina ya kwanta da shi.

Abin da ke ba ni haushi, ba wai ba a iya yi wa manya ba ne. Mata masu ciki suna samun ta tetanus a wurin awo, maniyyata ba sa tashi sai da ta sankarau da ta shawara, ta korona a 2021 har kasuwa aka bi mu da ita, a 2024 ma sabuwar allurar sankarau har 'yan shekara 29 aka yi wa. Me ya hana a saka ta hanta a layin, ko da ga waɗanda ke gida ɗaya da mai cutar ne?

Ma'aikatan asibitin na ba su maki huɗu cikin biyar, tsafta ba laifi, jira kamar awa ɗaya. In za ka je ka guji ranar yara, kuma ka ce a rubuta maka kwanan komawa a kati, nawa na maƙale shi a bayan waya don kar wata shida ya shige min.