Sharhi Kan Aikin Masu Ƙawata Liyafar Aure

Mun damƙa wa wani kamfanin ƙawata wuraren biki aikin liyafar auren ƙanwata, kuma yarjejeniyar ta ƙunshi furanni da shirya tebura da kayan zaƙi. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka fifita jin daɗin baƙon da zai zauna a kan kyan hoton da za a ɗauka.

A wajen furanni ne wannan ya fi fitowa fili. Amarya ta so a kafa manyan furanni a tsakiyar kowane teburi, amma shugabar ma'aikatan ta nuna mata cewa duk abin da tsawonsa ya wuce kimanin santimita 30 zai tare fuskar wanda ke zaune yana fuskantar mutum, hira kuma ta gagara. A ƙarshe aka tsaya a kan farin wardi da ganyen zaitun a cikin gajerun kwalaben gilashi. Tun kafin ranar suka karɓo wardin, suka yanke gindin karansa a karkace don ya sha ruwa sosai, suka ajiye shi a wuri mai sanyi, saboda haka ya buɗe daidai lokacin da ake bukata. Sun ƙi sanya haidiranjiya a ƙofar shiga, domin fure ne da ke saurin yaushi idan ya rabu da ruwa. Furen lili kuwa, sai da suka tsince garin da ke tsakiyarsa ɗaya bayan ɗaya, don kada ya ɓata farar rigar amarya, kuma wannan kulawa ta shiga raina ƙwarai.

Teburan zagayayyu ne masu faɗin santimita 150, an kuma zaunar da mutum 8 a kowanne, babu mai gogar kafaɗar wani. Cokula masu yatsu suna hagu, wuƙaƙe suna dama da kaifinsu yana fuskantar faranti, kyandirori kuma marasa ƙamshi ne, don kada su danne ƙamshin abinci.

Inda aikin ya samu tangarɗa shi ne teburin kayan zaƙi. An jera shi da kyau, wasu farantai a sama wasu a ƙasa, sai dai an fito da ƙananan kek masu kirim ɗin bota tun kafin baƙi su iso, aka kuma ajiye su a ƙarƙashin fitilu masu zafi. Kafin a gama cin abinci kirim ɗin ya fara narkewa, cakulan ya yi laushi. Babban kek ɗin ne kaɗai ya tsira, saboda an lulluɓe shi da fondan, wato kwaɓin sukari da ake shimfiɗawa a kan kek, wanda ya fi jure ɗumi. Haka kuma ba a rubuta abin da ke ɗauke da gyaɗa ba, alhali akwai mutanen da cin ta ke jefa su cikin haɗari.

Zan sake ba su aiki ba tare da wata-wata ba, amma zan sa a rubuta a cikin yarjejeniya lokacin da za a fito da kayan zaƙi, da wurin da za a ajiye su, da takardar bayanin abin da ke cikin kowanne.