Hattara da Masu Tallan Injin Goge Fentin Mota a Intanet

Jama'a, a yi hattara. Akwai wata talla da ke yawo a Facebook da TikTok da Instagram, kuma ba ta mutum ɗaya ba ce. Shafuka ne barkatai, yau ka ga wannan suna, gobe ka ga wancan, amma salonsu ɗaya. Bidiyo ne gajere: murfin injin wata baƙar mota duk ya yi zane-zane, an manna tef a tsakiya, wani hannu ya ɗora inji ya zagaya sau biyu, a ɓare tef, sai ga rabin murfin yana ɗaukar ido. A ƙasa an rubuta cewa injin na ƙwararru ne, ko wanda bai taɓa riƙe inji ba zai iya, an yi gagarumin ragi, saura 'yan ƙalilan, ga agogo yana ƙirga mintoci. Ba ƙwararru suke nema ba, don ƙwararre da ya ƙyalla ido zai gane. Sabon shiga suke farauta, mutumin da ya gaji da ganin fentin motarsa ya dushe, yana son ya gyara da hannunsa.

Abin da ya sa na ɗauki wannan damfara da zafi shi ne asarar ba ta tsaya a kuɗin injin ba. Fentin motar zamani hawa-hawa ne: shimfiɗar ƙasa, sai launi, sai wani rufi marar launi a sama wanda shi ke ba da sheƙi, shi ke kuma tare rana. Duka hawan idan aka haɗa, a motar da ta fito daga kamfani, yawanci bai wuce maikiron 100 zuwa 180 ba (maikiron dubu ne milimita ɗaya), rufin saman kuwa kusan 35 zuwa 50 ne. Takardar rubutu guda ta fi wannan rufin kauri. Goge fenti da inji kankare wannan rufin ne kaɗan-kaɗan har ya yi daidai da ƙasan zanen. Abin da aka kankare ya tafi ke nan, ba ya tsirowa. Idan mugun inji ya huda shi, babu man da zai mayar, sai dai a sake fesa wa ɓangaren fenti.

To a nan 'yan damfarar ke cin kasuwarsu, domin suna ɗaya ake kiran injuna daban-daban da shi, kuma sun san sabon shiga bai san bambancin ba. Akwai rotari, wanda farantinsa, wato inda ake manna soso, ke juyawa a wuri guda, yana cin fenti da sauri, yana tara zafi, kuma a hannun wanda bai iya ba yana ƙona gefen ƙofa ko kan lanƙwasa kafin ya ankara. Akwai mai juyi biyu, wanda ake rubuta wa DA a kwali: faranti na juyawa yana kuma kewayawa, zafi ba ya taruwa a wuri ɗaya, idan ka danna da yawa sai juyin ya tsaya. Wannan tsayawar ita ce kariyar mai koyo, shi ya sa shi ake ba wa sabon shiga shawarar ya fara da shi. Faɗin kewayensa ana rubuta shi da milimita, 8 ko 9 ko 15 ko 21. Ga mai farawa, 8 zuwa 15 da faranti mai inci 5 sun wadatar.

Mafi muni a cikin abin da suke aikowa shi ne injin da masu walda ke yanka ƙarfe da gurza shi. Su sauya masa kwali, su jefa soso biyu da gashin tunkiya a ciki, su kira shi injin goge mota. Soson yana hawa kansa lafiya ƙalau, saboda zaren bakinsa, M14, iri ɗaya ne da na rotari da yawa. Sai dai ƙaramin injin yankan ƙarfe yana juyi kusan 11,000 a minti, alhali rotari na gaske daga wajen 600 zuwa 3,000 yake, kuma yawancin aikin fenti ƙasa da 2,000 ake yin sa. A irin wancan gudun soso na iya tarwatsewa ya daki fuska, fenti kuma ya ƙone nan take. Idan ka ga inji ba shi da wurin rage gudu, ko an rubuta masa 10,000 RPM, wato juyi a minti, ana taƙama da shi, ba na fenti ba ne, ko me kwalin ya ce.

Wasu kuma akasin haka suke yi. Su aiko maka da faffaɗan injin nan mai hannu biyu da faranti inci 10, wanda aikinsa shafa kakin sheƙi ne kawai. Ba ya ɓarna, ba ya kuma gyara komai. Ka wuni kana karkarwa da shi, zanen yana nan inda yake. Irin wannan ne ma ke sa mutum ya zaci shi ne bai iya ba, ya koma wurinsu ya sayi "man musamman", su ci shi sau biyu.

Sai kuma DA na bogi, wanda a ido ba ka raba shi da na gaske. Na'urar da ke juya shi ba ta da ƙarfi, da soso ya taɓa fenti sai juyin ya mutu, ya bar ka da girgiza zalla, hannu ya yi tsami, aiki bai ci ba. Gwajinsa mai sauƙi ne: ja layi da alƙalamin maka a bayan farantin, ka ɗora a kan shimfiɗaɗɗen wuri, ka danna daidai gwargwado. Na gaske za ka ga layin yana zagayawa. Idan layin ya tsaya cak yana rawa a wuri ɗaya ko ka ƙure gudu, an cuce ka.

Lambobin da suke rubutawa kuwa abin dariya ne, in ba don ana cutar bayin Allah da su ba. Rupes LHR15 Mark III, na kamfanin Italiya da ƙwararru ke aiki da shi, wat 500 ne. Makita 9237C, rotari mai nauyi na kamfanin Japan, wat 1,200 ne. Sai ga wani ɗan abu marar nauyi, marar sunan kamfani, an buga masa wat 3,000. Masu batir sun fi kowa ƙarya. Ƙwayar batirin litiyom guda 3.6V take bayarwa, 4.2V idan ta cika maƙil. Guda biyar a jere su ne 18V da ka sani, su ne kuma wasu ke kira 20V ko 21V. Don a samu 88V sai an jera sama da ƙwaya 20, kuma ba za su taɓa shiga ɗan akwatin da ke cikin hoton ba. Shi ya sa sukan rubuta 88VF ko 128VF, su laƙa harafi ɗaya don in an kama su su ce ai sunan samfuri ne. Batirin da aka yi ƙarya a goshinsa, ban yarda akwai kariyar zafi a cikinsa ba, kuma ni ba zan bar shi a caji in kwanta ba. Haka nan suna cakuɗa RPM da OPM da gangan. DA da OPM ake auna shi, wato kewaye nawa a minti, kamar Porter-Cable 7424XP mai 2,500 zuwa 6,800. Mai tallan da ya kasa gaya maka faɗin kewayen injinsa, bai san abin da yake sayarwa ba, ko kuma ya sani yana ɓoyewa.

Mu koma kan bidiyon, don shi ne ƙugiyar. Wani lokaci sato shi aka yi daga shafin wani mai sana'a da ya yi sa'o'i yana aiki da inji na gaske, aka datse aka bar daƙiƙa goma. Wani lokaci kuma man ne mai maiƙo da ke cike zanen ya ɓoye shi, ba ya cire shi. Da an wanke motar 'yan lokuta sai zanen ya dawo. Masu sana'a suna goge wurin da sifirit ɗin da ake kira IPA, wanda aka sirka da ruwa, sannan su haska fitila, don su ga gaskiyar aikin. Ba za ka taɓa ganin wannan matakin a tallarsu ba. Kuma duk zanen da farcenka ke maƙalewa a cikinsa, mai yiwuwa ya riga ya ratsa rufin sama. Wanda ya nuna maka inji yana share irin wannan da zagaye ɗaya, wasa yake da hankalinka.

Akwai kuma waɗanda ba su da kaya ko kaɗan. Su gina shafi mai kama da na Rupes ko Flex ko Makita, su kwafe tambari da hotuna, su sauya harafi ɗaya a adireshin, su sa farashin da ko dila ba ya samu. Araha dai ba ta ado. Ka biya, su ba ka lambar bin sawun kaya. Wasu sukan aiko da wani ɗan tarkace a ambulan don rajista ta nuna an kai, ta yadda idan ka yi ƙorafi za su ce ga shaida. Wasu su dawo su ce kayan sun maƙale a kwastan, sai ka ƙara wani abu. Kada ka ƙara. Wanda ya ɗauki na farko shi ne ke neman na biyu.

Kafin ka tura ko sisi, ɗauki hoton tallar ka saka a Google Lens, manhajar bincike da hoto, sau da yawa za ka ga hoton nan a shafuka masu yawa da sunaye daban-daban. Duba ranar da aka yi wa adireshin shafin rajista ta WHOIS, wato rumbun bayanan rajistar shafukan intanet. Kamfanin da ke cewa ya shekara ashirin amma shafinsa bai yi wata biyu ba, ka san inda aka dosa. Shiga shafin kamfanin na ainihi ka ga ko mai sayarwar yana cikin jerin dilolinsu. Ka tambaye shi lambar samfuri, faɗin kewaye, girman faranti, ko ana samun gawayin cikin injin da faranti na canji, da ko injin na wutar 110V ne ko 220V. Mai gaskiya zai amsa a layi biyu. Ɗan damfara zai ce maka ka yi sauri, ragi ya kusa ƙarewa. Batun biya kuma, duk wanda ya nace sai dai a tura kai tsaye zuwa asusun mutum, ko kirifto, ko katin kyauta, ko sashen 'yan uwa da abokai na PayPal, ya zaɓi hanyar da ba a iya dawo da kuɗi ne. Ba ina cewa sai ka sayi mafi tsada ba. Akwai DA masu sauƙin kuɗi da ke aiki tsakani da Allah, suna da sunan kamfani da adireshi da garanti. Wannan daban, kwali marar uba daban.

Idan kuma ka riga ka biya, kada ka tsaya jayayya da su a akwatin saƙo, lokaci suke ja har wa'adin ƙorafi ya wuce. Ɗauki hoton tallar da hirarku da rasit tun kafin su goge shafin, ka kai wa bankinka ko kamfanin katinka ƙorafi da wuri, ka kai rahoton shafin ga dandalin da ka gan shi. Idan ka shigar da lambar katinka a shafinsu, a toshe katin a ba ka sabo. In kuwa wani inji ya iso, kada ka fara da motarka. Nemo tsohuwar ƙofa ko murfin mota da aka yar, ka yi gwajin layin maka a kai, da soso mai laushi da mafi ƙarancin gudu, tabarau a idonka. Idan ka ga launin fentin ya fito a jikin soso a motar da ke da rufin sama, ka kashe injin nan take, an riga an huda.